Ashanar Baba Lagwani

A titin da ya bi ta bayan kasuwa, jikin rumfar mai faci, akwai wata 'yar rumfar kwano da ba ta fi faɗin tabarma biyu ba. Nan mai gyaran risho yake zama. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Babba da yaro Baba Lagwani suke ce masa, har matarsa ma in tsokana ta motsa mata.

In aka kawo masa risho, ba ya tambayar abin da ke damunsa. Sai ya ɗora shi a cinya kamar jariri, ya cire hular, ya zare gwangwanayen nan masu huji-huji, ya bi lagwanin ɗaya bayan ɗaya da ɗan almakashinsa yana daidaita musu kai kamar mai aski. Wanda ya ƙone ya zare shi, ya zura sabo da 'yar waya. In tanki na yoyo ya liƙe shi da dalma. Daga nan ya zuba kananzir, ya murɗa makunni lagwani ya leƙo, sai ya naɗe hannu a ƙirji.

A nan masu gaggawa suke ƙosawa.

"Baba, kunna mana, na bar yara a gida."

"Yara za su jira, 'yata. Lagwani bai sha ba tukuna. In kika kunna shi da ƙishirwa, kansa zai ci, jibi ki dawo ki ce ban iya aiki ba. Murɗa, ki jira, sannan ashana."

Duk wadda ta taɓa kawo masa risho ta haddace wannan karatun. Sai ya gamsu lagwani ya jiƙu, sannan ya zaro ashana daga aljihun gaban rigarsa, inda kwalinta yake kwana yake tashi tun yana saurayi. Wutar za ta fara ja tana hayaƙi, ya mayar da gwangwanaye, ya ɗan taɓa nan ya ɗan taɓa can, har ta kwanta ta koma shuɗiya. Ba ya karɓar ladan aiki sai an ga wannan shuɗin.

Ta dalilin risho ma ya sami mata. Yana sabon buɗe rumfa wata budurwa ta kawo na mahaifiyarta, wani kore mai faffaɗan tanki, wai lagwani ɗaya ya faɗa ciki. Ya gyara. Ba a jima ba ta dawo, wani ya sake faɗawa. Da ta kuma dawowa, ya duba da kyau ya ga shatin farce a jikin zaren.

"Da alama," ya ce mata, "akwai ɓera mai yatsu biyar a gidanku."

Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ruga, ta bar rishon. Shi ya kai shi gidan da kansa, kuma daga ranar ƙafarsa ba ta daina zuwa ba. Yau ita ce Inna, uwar 'ya'yansa, har gobe kuma tana rantsuwa lagwanin da kansa ya faɗa.

Sana'ar ta ciyar da shi, ta aurar masa da 'ya'ya, amma ta karɓi abu guda: hancinsa. Shaƙar kananzir safe da yamma ta kashe shi murus. Ko turare ko ƙauri, duk ɗaya ne a wurinsa. Mai faci yakan ce a duk faɗin titin, tsohon nan ne kaɗai bai taɓa yi masa ƙorafin warin roba ba, shi ya sa ba zai taɓa sake maƙwabci ba.

Rediyon da ke rataye a ƙusar rumfa ne ya kawo labarin. Wani jami'in gwamnati mai taushin murya ya ce an janye tallafin kananzir, don jama'a su koma amfani da makamashi mai tsafta, wato gas.

"Ka ji, tsoho," in ji mai faci, "ashe duk shekarun nan datti kake gyarawa."

"Gara ni. Kai da kake sayar wa bayin Allah iska?"

Suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Kananzir ya yi ta hawa ba saukowa. Mai sayen galan ya koma kwalba, mai kwalba ya koma rabi, mai rabi ya tura rishonsa bayan ƙofa. Masu hali suka sayi tukunyar gas, marasa hali suka koma gawayi. Matan da suka saba kawo gyara suna zuwa har yanzu, sai dai maganar ta canza.

"Baba, riƙe shi kawai, ko wani abu za ka cira a jiki."

Ya karɓa ya yi godiya, ya ɗora a bayansa. Tsibin ya yi ta girma har ya kusa taɓa kwano, shi kuwa almakashi yana kwance a akwati.

A gida ma haka. Gidan mai gyaran risho guda, sai ga koren rishon nan an goge shi an ɗora kan kanta, Inna ta koma gawayi. Ana nan sai murya mai taushin nan ta dawo a rediyo: an hana sare itatuwa, an hana shigo da gawayi gari, an kafa shingaye a hanya.

Baba Lagwani bai yi musu ba. Ya tuna hanyar da yake bi yana yaro, inuwa tun daga ƙofar gida har bakin rafi, yanzu ko kututture babu.

"Gaskiya suka faɗa, itatuwan sun ƙare," ya ce wa mai faci. "Abin da ban ji sun faɗa ba shi ne a kan me za a ɗora tukunya gobe."

Gawayi ya shiga ɓuya, mai sayarwa sai ya waiga hagu da dama kafin ya buɗe buhu, farashin kuma ya fi ƙarfinsu. Inna ta koma bin shagon kafinta tana kwaso garin katako da guntayen da aka zubar, wasu da fenti a jiki. Hayaƙinsu baƙi ne mai kauri, ya cika ɗan kicin ɗin ya maƙale a bango. Shi ba ya jin warinsa. Amma hanci ne ya mutu, kunne yana nan. Ya ji ranar da tarin ya fara. Ya ji yadda ya sauko daga maƙogwaro ya zauna a ƙirji, har ta kai Inna ba ta iya ƙetare tsakar gida sai ta dafa bango ta huta.

"Mura ce, Malam," take cewa. "Ka daina kallona kamar rishon da aka kawo maka."

Auta, ƙaramar 'yarsu, tela ce, tana aure a can ɗaya gefen gari. Ita ta sa uwar a gaba zuwa asibiti. Da suka dawo ba ta ko zauna ba.

"Baba, likita ya ce hayaƙi ne ke cin huhunta. Magana ɗaya ce. Ko hayaƙi ya bar gidan nan, ko Inna ta bar shi. Na gyara mata ɗaki a wurina."

"Ni fa?" Bai san lokacin da maganar ta kuɓuce masa ba.

"Kai ma ka zo mana."

"In tare a gidan suruki? Yana fita ina a dawo lafiya, yana shigowa ina sannu da zuwa?"

"To ka zauna da girmanka, ni dai ba zan zauna in ga an kashe mini uwa da katakon kujera ba. Ƙarshen mako zan zo da mota."

Tun da aka kawo masa Inna, in ban da kwanciyar haihuwa a asibiti, ba su taɓa kwana a rufi daban-daban ba. Ya dubi tabarmar da take zama tana tsince shinkafa, ya gwada ganinta ba kowa a kai. Abin ya ƙi ganuwa.

Washegari ya kira masu sayen tsohon ƙarfe. Suka zo da sikeli da buhuna, suka riƙa tattake rishunan da ƙafa don su shiga buhu da yawa. Ya san mai kowanne. Wannan na matar direba ne, wancan na mai shayin tasha, ga na wata tsohuwa da ta rasu bara. Ya juya baya ya ƙara sautin rediyo har suka gama.

Abin da aka ba shi ya dunƙule ya nufi shagon gas. A rediyo an ce an sauƙaƙa farashin tukunya, kuma gaskiya ne an sauƙaƙa. Ba a dai faɗa ba cewa kan murhun daban ne, tiyo daban, gas ɗin da za a ɗura a ciki shi ma daban. Kafin a gama haɗa masa kaya, aikin rayuwarsa duka ya shige cikin wata 'yar gajeriyar tukunya. Mai shagon ya durƙusa zai nuna masa yadda ake kunnawa.

"Baba, ka ga, da farko sai ka…"

"Ɗana, tashi kar ka ɓata wandonka. Tun ba a yi auren babanka ba nake kunna wuta."

Mai faci ne ya goya shi a babur, tukunyar a tsakaninsu.

"Jama'a ku fito ku gani," yake ta shela a hanya, "yau Baba Lagwani ya rungume maƙiyinsa!"

"Kalli gabanka, mai iska, kar ka zubar da mu."

Ranar da Auta za ta zo, ya tashi da ƙarfinsa. So yake ta tarar da shayi a kan gas, kicin fes ba hayaƙi, ta koma da motarta ba kowa a ciki. Ya share tokar murhu, ya ɗaura tiyo, ya daidaita kan murhun a kan benci. Inna ta taso.

"Malam, bari in zo. Na ga yadda Auta take yi da nata."

"Koma ki zauna. Yau ke baƙuwa ce."

Ta koma tabarmarta a tsakar gida. Shi kuwa ya sa hannu ya murɗa makunni. Sannan hannuwan nan, da suka san aikinsu ba sai an gaya musu ba, suka naɗe kansu a ƙirji. Ya ji wani ɗan sauti siriri, sssss, ya gyaɗa kai. A ransa, tukunyar tana sha ke nan. Ya jira, kamar yadda ya koya wa rabin matan garin. Ya ƙara jira kaɗan, tunda sabuwa ce.

A tsakar gida Inna ta ɗaga kai ta shaƙi iska.

"Malam, wani wari nake… Malam! Kar ka…"

Ya riga ya ƙyasta.

Wutar ta yi wani bum, ta tashi ta lashi rufi ta dawo. Ya yi baya ya faɗa kan kwanuka. Inna, wadda ba ta iya ƙetare tsakar gida sai da hutu, ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta ba. Ta kashe makunnin, ta rufe kan tukunyar, ta wangale taga, sannan tarin ya kama ta, ta zube kusa da shi.

Allah ya taƙaita. Gefen gemu ya tafi, gira ta tafi, bayan hannun dama ya tashi. A haka Auta ta same su: uban a kan kifaffen bokiti da hannu cikin kwanon ruwa, uwar tana tari tana share masa fuska da gefen mayafi, gidan duk ƙaurin gashi.

Auta ta ajiye jakarta a hankali. Da aka gaya mata abin da ya faru, sai hawaye da faɗa suka zo tare.

"Jira? Gas ka buɗe ka tsaya jira? Baba, da yanzu gawa biyu na tarar! Shi ke nan. Inna, tashi, ina kayanki?"

Ta shige ɗaki. Suna jin ƙarar akwati, tana jefa tufafi a jaka tana jan majina. Baba Lagwani ya dubi hannunsa a cikin ruwa. Hannun da ya yi wa wuta ladabi tsawon rayuwa, yau shi ya ci amanarsa, kuma ba don ya manta aikinsa ba, don ya tuna ne.

"Ki bi ta," ya ce, bai ɗago ba. "Gaskiyar yarinyar ne. Katako na cutar da ke, wannan kuma ni zan kashe ki da shi. Ki bi ta."

Inna ta jira tarin ya lafa, sannan ta ɗaga murya.

"Auta. Ajiye jakar nan ki zo."

"Inna, don Allah kar ki…"

"Na ce ki zo. Kowa ya yi magana a kan ƙirjin nan. Likita ya yi, mutumin rediyo ya yi, ke kin yi, ga ubanki ma ya sa baki. Ni mai ƙirjin ba wanda ya tambaye ni."

Auta ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da zani a hannu.

"In na bi ki, wa zai zame masa hanci? Mutumin da ko rigarsa ce ke ci sai dai maƙwabta su gaya masa. Ki bar shi shi kaɗai da tukunyar nan?"

"Sai a mayar da ita."

"Ya koma katakon fenti ke nan, yana shaƙa bai san yana shaƙa ba, har ya kwanta. Sai ki gyara ɗaki na biyu, in ya yarda ya shiga." Ta numfasa. "Ba mugunta ya yi ba, saba ya yi. Hannunsa kananzir ya sani. Hancina kuwa lafiyarsa ƙalau, ni na fara jin warin tun daga tabarma."

Ta juya ta miƙa wa mijinta tafin hannu.

"Malam, kawo."

"Me?"

"Ka sani."

Ya sani. Ya daɗe yana kallon tafin hannun. Sannan ya kai hannun hagu aljihun gaba, ya zaro kwalin ashanar, ya ɗan jijjiga shi a kunne kamar yadda ya saba, ya ɗora mata. Wurin da kwalin yake zama ya yi shati a jikin rigar, murabba'i, ya fi sauran yadin haske.

"Tashi," in ji Inna. "Auta, ke kuma ki tsaya ki gani da idonki."

Sai da ta shinshina ko'ina a kicin ɗin, ta tabbata iska ta kwashe warin, sannan ta buɗe kan tukunyar.

"Ni ce ashana, kai ne murɗi. Ba ka taɓa komai sai ka ga wuta a hannuna."

Ta ƙyasta, ta kai bakin murhu.

"Murɗa."

Ya murɗa. Wutar ta zagaye kan murhun lokaci guda, shuɗiya shar, ba ja ko ɗigo, ba hayaƙi. Baba Lagwani ya sunkuya yana kallonta da fuskarsa marar gira.

"Ba lagwani, ba almakashi," ya ce a hankali. "Shekaruna duka na ƙarar ina lallashin wannan launin, ga shi ya zo ko gaisuwa babu."

Dariya ta ƙwace wa Auta tana tsakiyar kuka. Ta goge ido da zanin uwarta, ta shiga gindaya sharuɗɗa: taga a buɗe kullum, ashana a wurin Inna, in Inna ba ta kusa Baba ya sha ruwan sanyi.

"Ɗakin kuma yana nan, ban kwance gadon ba," ta ce. "Ko sau ɗaya na sake jin ƙauri…"

"Mun ji, uwarmu," in ji Baba Lagwani. "Zauna ki sha shayi."

Ta sha, ta mayar da tufafin cikin akwati da hannunta, motar ta koma da ita ita kaɗai.

Ba wai komai ya gyaru ba ne. Gas ɗin ma bai daɗe ba ya bi sahun kananzir, duk ɗuri sai an ji sabon farashi, mai taushin muryar nan kuma yana cewa a ƙara haƙuri. Girki ya koma sau ɗaya a yini, a zuba a kula a ci har dare. In tukunyar ta yi sakayau kafin a sami na ɗuri, su jiƙa burodi a ruwan zafin fulas, Inna ta harari tsohon murhun, shi kuma ya harare ta, ba mai komawa katako. Tarin bai tafi duka ba, amma yanzu tana ƙetare tsakar gida da tulin wanki a hannu.

Rumfar tana nan, ba tsibi a bayanta. Mai faci, bayan ya gama dariyar girar da ta tafi, ya koya masa dabarar da yake gano hujin tayar mota: a shafa ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne yoyo.

"Tunda ba hanci, sai ka yi da ido, tsoho."

Yanzu jefi-jefi wata takan kawo tiyon gas ɗinta ya shafa mata sabulu ya duba, ta ba shi abin da ya samu. Ba ya kunna wa kowa. In za ta tafi sai ya bi ta da sabon karatu, yana ɗan tuntuɓe a kai: "Ashana tukuna, 'yata. Ashana, sannan murɗi. Ba jira."

Koren rishon yana kan kanta. Lokaci-lokaci yakan sauke shi ya daidaita masa kan lagwani, ko da yake ba ɗigon kananzir a tankinsa.

Da safe kuwa, in za a ɗora ruwan shayi, su biyu suke shiga kicin, kafaɗa na gugar kafaɗa don ƙanƙantar wurin. Har yau hannunsa yakan riga shi zuwa aljihu, ya lallaba ya ji wayam. Inna ta kwance bakin zaninta ta fito da kwalin.

"Ɓeran nan mai yatsu biyar," yakan ce, "ashe har yanzu yana gidan."

"Lagwanin da kansa ya faɗa," in ji ta, ta ƙyasta ashana. "Murɗa, Malam."